Cuku a Kan Jatan Lande

"Kowa ya kwanta! Kai tsoho, hannu a kan tebur!"

Ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, a shagon wani maƙerin zinare da ke lungun bayan babban dandalin birnin Siena, a ƙasar Italiya. Saverio ne riƙe da bindiga. Rosalba tana share sarƙoƙi da zobba cikin jaka. Fortunato yana tsare da ƙofa, gumi yana bin wuyansa a ƙarƙashin hular rufe fuska.

"Ku yi wa Allah," in ji tsohon, "matata ta riga ta ɗora ruwan taliya."

"Yau ita kaɗai za ta ci. Mu ware!"

Minti uku, sun fito. A kwanar lungu suka cusa huluna da rigunan sama cikin kwandon shara, jaka ta shige keken jariri, ƙarƙashin 'yar tsana mai lulluɓi. Waɗanda suka ɓullo dandali wasu mutane ne dabam: gajeren wando, hular rana, farar safa a cikin sandal. Iyalin Morton ke nan, baƙi daga Kanada.

Dabarar Saverio ce. Mota ba ta shiga tsohon gari, kuma da an yi ihu za a tsare ƙofofin ganuwa. To ba za su gudu ba. Zama za su yi su ci abinci a gaban kowa har ƙura ta lafa. Kwana uku suka yi suna shirya wannan ƙarya: sun hau hasumiya, sun ɗau hoto a gaban babban coci baki buɗe, sun sha askirim har sau tara. Saverio miji, Rosalba mata. Fortunato kuwa, da yake ko gaisuwar Turanci bai iya ba, kuma da ya buɗe baki kowa zai ji harshen Napoli, garinsu na kudancin ƙasar, sai aka mai da shi Kawu bebe.

"Doka ɗaya ce," Saverio ya faɗa masa tun ranar farko. "Ka rufe bakinka, ka ci abinci kamar jaki."

Masana suna cewa kwaɗayi ne yake tona asirin ɓarawo. Masanan nan ba su taɓa zama teburi ɗaya da ɗan Napoli ba. Shekara ashirin Fortunato ya yi yana girki tare da uwarsa a bakin tashar jiragen ruwa. A kwana ukun nan an sa shi yanka taliya da wuƙa, abin kunya a wurin ɗan Italiya. An sa shi shan kofi da madara bayan abincin rana, mai kawo abinci yana kallonsa kamar mara lafiya. Duk ya haɗiye.

Can a shago, Sufeto Bellandi ya iso da tsumman goge baki maƙale a wuya, don daga kan abinci aka taso shi.

"Mutanen kudu ne," in ji maƙerin. "Na ji harshen mai bindigar."

"An tsare ƙofofi?"

"An tsare, ranka ya daɗe," in ji wani ɗan sanda. "Babu wanda ya fita."

"To suna cin abinci. Ƙarfe ɗaya ta yi, ina za su?"

Ya fito dandali yana ratsa tebura a hankali. Ba ya duban fuska, faranti yake dubawa.

Daidai lokacin aka ajiye wa Fortunato taliya da jatan lande. Ƙamshin tafarnuwa ya daki hancinsa, har idonsa ya kawo ruwa. Bellandi yana tebur biyu daga gare su.

"Ka natsu, ɗan iska," Saverio ya ce ta gefen baki. "In ya wuce, mun haye."

Rosalba ta yi murmushi. Ta jawo kwanon garin cuku daga teburin maƙwabta. Cokali ɗaya ta barbaɗa a kan jatan landen, abin da babu ɗan Italiyar da zai lamunta. Cokali na biyu. Na uku — har sai da farantin ya yi fari fat.

Ta sunkuya kusa da kunnensa. "Ci mana, Kawu. Ai an ce haka uwarka take yi in ba kowa."

Kujera ta kife!

"Uwar wa?! Cuku a kan kifi? Ke mahaukaciya ce? Uwata ta mutu da mutuncinta!"

Duk dandalin ya waiwayo. Beben Kanada ya yi magana, da harshen Napoli tsantsa.

Saverio ya kai hannu ƙugu zai zaro bindiga — wani ɗan sanda da ke bayan Bellandi ya riga shi. Tau! Harsashi a kafaɗa! Tebur ya tuntsure, tantabaru suka tashi, baƙi na gaskiya suka watse suna ihu. A cikinsu har da wata mata mai tura keken jariri tana kuka da Turanci. Wani ɗan sanda mai tausayi shi ya kama mata keken ta haye matakala, ya raka ta har ƙofar ganuwa.

Bellandi ya dubi farantin da ke ƙasa, ya girgiza kai, sannan ya ɗaura wa Fortunato ankwa.

"Cokali nawa ta zuba?"

"Uku."

"Ka yi ƙoƙari. Ni da tun na farko na fashe."

Saverio ya samu shekara goma sha biyu da hannun da ba ya ɗaguwa. Rosalba da zinare, ko labarinsu. Matar maƙerin kuwa taliyarta ta dahu har ta caɓe, kuma wannan ne abin da ta fi nanatawa a gaban alƙali.

Fortunato shekara takwas aka ba shi. Wata biyu da shigarsa aka damƙa masa kicin ɗin gidan yari. Ranar Juma'a kifi ake ci. Tun da safe yake kulle cuku a kabad, ya rataya makullin a wuyansa, kuma har shugaban gidan bai taɓa yin gangancin tambaya ba.