Warin da ke Rigar Kafinta

Auta na tsugune gaban bahon wanki, tana ɗago rigar mijinta sai warin nan ya sake dukan hancinta. Wari ne mai kaifi, irin na sholishon da 'yan shaye-shaye ke shaƙa a bayan kasuwa. Ta yi maza ta dulmiya rigar cikin kumfa, amma ta makara. Yaya Babba, wanta da ke riƙe da gidansu tun rasuwar mahaifinsu, yana zaune a kujera kusa da ita, kuma duk danginsu babu mai hancinsa.

"Miƙo min rigar nan," in ji shi.

Ya shinshina sau ɗaya, ya yar da ita kamar ya taɓa mushe.

Wata bakwai ke nan da injin yankan katako ya cinye wa mijin nata, Kafinta, yatsu uku na hannun dama. Mutumin da a da idan ya shigo gida har maƙwabta sai sun ji dariyarsa, ya koma kwanciya yana fuskantar bango, wuni guda ba ya cewa uffan. Auta ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, duk a banza. Kwatsam wata biyu da suka wuce sai ya fara fita bayan azahar, ya dawo da yamma idanu jajur, kayansa na wannan warin. Ya zauna bakin gado yana gunguni shi kaɗai, yana buga yatsun hagu a gwiwa kamar mai ƙirga wani abu, can kuma ya yi murmushi. In ta tambaye shi ina yake zuwa, sai ya ce wajen wani aboki, ya ja bakinsa ya tsuke.

Yaya Babba bai tsaya jin duk wannan ba, don shi dama ba ya jiran a gama magana kafin ya yanke hukunci. Ya ce ba su aurar da ita ga ɗan maye ba, kuma nakasa daban, lalacewa daban. Ya ba ta kwana uku ta haɗa kayanta, zai turo mota. Da yamma Umma ta bugo waya tana kuka, wai gara ta dawo gida tun bai fara dukanta ba.

A baki Auta ta kare mijinta, ta rantse bai taɓa ɗaga mata ko murya ba. Amma zuciya ba ta bin baki. Washegari yana wanka ta laluba aljihun wandonsa, ta zaro wani tsumma jiƙe da abin nan mai wari. Ta sha ganin irinsa manne a hancin masu kwana gindin gada. Tana sonsa, so na gaske, kuma shi ya sa abin ya fi ci mata rai. Ranar ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, tana ninke zannuwa hawaye na ɗiga a kansu.

A rana ta uku ta ce ko tafiya za ta yi, sai ta gani da idonta. Yana fita ta yafa mayafi ta bi shi daga nesa. Ya wuce layin masu walda, ya ratsa ta bayan kantin magani, ya shige wani ɗan shago da aka jingine allunan talla a ƙofarsa. Ta raɓe jikin tagar ta leƙa.

Wani dattijo mai rubuta alluna ne a ciki, gilashinsa a ƙarshen hanci. Kafinta na zaune kan benci, burushi a hannun hagu, yana jan layi a kan katako har harshensa ya leƙo waje kamar ɗan aji ɗaya. Layin ya karkace. Ya zaro tsumma daga aljihu, ya tsoma a gwangwanin ruwan tsinka fenti, ya goge, ya sake ja. Shagon ba iska, warin ya cika shi har ita da ke waje sai da idonta ya kawo ruwa. A jikin bango ga katakai jere, na farko layukansu kamar sawun kaza, na baya-bayan nan kuwa har da furanni da tsuntsu mai kyan gani.

Dattijon ya ce ya huta haka, ya karanto masa baitin jiya, don ya ji ko ƙafar waƙar ta daina ɗingishi. Kafinta ya fara buga yatsu a gwiwa, irin bugun da take gani a gida, ya rera a hankali:

"Inji ya ci yatsu uku nawa,
Bai ci zuciya ba, bai ci ƙwaƙwalwa,
Hagu taso ka karɓi aikin ɗan'uwa,
Akwai mai jira a gida, ba ta gajiyawa."

Auta ba ta san lokacin da ta faɗa cikin shagon tana kuka ba. Burushi ya suɓuce wa Kafinta. Da ta samu numfashi ta tambaye shi me ya sa ya ɓoye mata, sai ya sunkuyar da kai.

"Kin gaji da ganina abin tausayi, Auta. Na so ne sai hannun ya miƙe, ki ga aikin namiji, ba jagwalgwalon mai koyo ba."

"Ni kuwa ban cancanci baitin nan ba," in ji ta. "Na gaji. Na zarge ka da shaye-shaye, akwatina ma a haɗe yake, yau Yaya zai turo mota."

Ta ga abin ya soke shi. Dattijon ne ya cire gilashi ya ce laifin nasu ne su biyu, shi ya ɓoye, ita ta yi zato, kuma a waƙa ma ba a yar da baiti don ya karye, gyara shi ake yi.

Auta ta kira direban da Yaya Babba ya turo a waya, ta ce ba akwati zai ɗauka ba, shi Yayan zai koma ya ɗauko zuwa shagon. Yayan ya shigo yana hura hanci, ya shinshina gwangwanin, ya dubi katakan, sai ga shi yana sosa ƙeya. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, amma ya ce allon kantinsa ya koɗe, kuma ba ya son kowa ya rubuta sabo sai surukinsa.

Zato kan rushe gidan da talauci da ciwo suka kasa rushewa, ɓoye-ɓoye tsakanin masoya kuma shi ke buɗe masa ƙofa. Da yammar nan Auta da Kafinta suka tako gida tare. A hanya ta roƙe shi ya cire layin ƙarshe, tunda ta gaza.

"Ba zan cire ba," in ji shi. "Kin gaji, amma kin biyo ni."