Sallama Uku a Gidan Agogo

Ku matso kusa, ƙannena, kada in ɗaga murya. Mai jin fitsari ya je yanzu, don in na fara ba mai raka wani.

Kun san Gidan Agogo, tsohon benen nan na bakin tashar jirgi inda mata ke koyon ɗinki. Da can ofishin wani kamfanin fatu ne. Kamfanin ya mutu, aka garƙame gidan shekara talatin da ɗoriya, jemagu da tantabaru suka raba gado. Da aka tashi raya shi sai aka kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna sau tara, kaji da yawa suka rasa ransu. Wani ya ce otal, wani ya ce gidan biki, wani ɗan boko ya ce gidan tarihi, aka tambaye shi me za a nuna wa baƙi ban da kashin jemage. Daga ƙarshe aka tsaya a kan makarantar ɗinki ta matan da mazansu suka rasu.

Sai magina suka ce ƙafarsu ba za ta taka ciki ba. Gidan da ya daɗe ba kowa, ai da kowa. Sai an sallami masu shi tukuna: mutum ya shiga kwana uku a jere, ya yi sallama, ya ce su tashi, 'yan Adam na son wurinsu. 'Yan kwamiti duk jarumai ne, sai dai ranar kowa ya tuna yana da ciwon gwiwa. Aka aika wa Baba Haladu, tsohon masinjan kamfanin. Ya ce zai je.

Yana da dalilinsa. Matarsa Tasalla ita ce mai haɗa waya a saman benen. Can ya gan ta, ya aure ta, suka yi shekara goma sha ɗaya, ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Laure. Bai sake aure ba. Lauren ma yanzu mijinta ya rasu, da yara uku, tana cikin masu jiran keken ɗinki.

Ya zaɓi tsakar rana, wai don haske. Ya manta cewa in inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, lokacinsu ne su ma.

Ranar farko ya tura ƙofa ya yi sallama. Aka amsa.

Ƙura ko'ina, ban da tebur ɗaya. Wani akawu na zaune, farar riga, wuya a ɗaure, yana rubutu da alƙalamin da ba tawada. Bai ɗago ba, ya tambayi Haladu ko ya zo da takarda. Haladu ya ce da baki aka aiko shi. Akawu ya yi tsaki, ya ce to ya faɗa, za a duba. Haladu ya sunkuyar da kai yadda masinja ke yi gaban akawu, idonsa ya faɗa ƙarƙashin tebur. Takalma baƙaƙe masu sheƙi. Dugadugansu ne ke kallonsa.

Ya yi bisimilla a zuci, ya faɗi saƙonsa, ya juya. Ya kai bakin ƙofa ke nan, wata murya ta sauko daga sama.

“Halo, wa ake nema?”

Shekara talatin rabonsa da muryar nan. Bai san yadda ya kai gida ba.

Rana ta biyu ya faɗi saƙon da sauri, ya hau bene. Ɗakin waya na nan, ɓeraye sun cinye igiyoyin. Ba kowa. Amma ga muryar Tasalla, tana ɗan tarin nan nata kafin ta yi magana, tana faɗan wani ya sha mata shayi, tana dariya ƙasa-ƙasa kada manaja ya ji. Haladu ya zauna a ƙasa cikin ƙura har aka kira la'asar.

Akawu na tsaye bakin ƙofa, Haladu bai ji zuwansa ba. Ya ce su mutanen ɓoye ba sa zubar da abu. Duk maganar da aka yi a gidan nan sun tsince ta a jikin bango sun adana. In sun tashi, da kayansu za su tashi.

“Gobe za ta kira ka,” in ji shi. “Ka amsa sau ɗaya. Gida ya zauna yadda yake, kai kuma ka zama ɗan gida.”

Da yamma Laure ta kawo masa tuwo, ta nuna masa almakashin da ta saya tun ba a ba ta keke ba, ta tambaya ko saura kwana ɗaya. Ya ce saura ɗaya. Bai iya kallonta ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar ta uku amsawa ya tafi yi. Rigar sallarsa ya sa, har da turare. Ya wuce akawu bai ce komai ba, ya hau, ya tsaya tsakiyar ɗakin. Shiru. Ko tantabaru sun bar kuka.

“Haladu.”

A hankali, kamar daga bayan kunnensa. Ya buɗe baki.

“Haladu.”

Nan ya tuna wani abu. Kafin aure Masinja take ce masa. Bayan aure Malam. Da aka haifi yarinyar, Baban Laure. Ya taɓa roƙonta ta faɗi sunan sau ɗaya ya ji, ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce Allah ya kiyaye. Ko ranar da take barin duniya, hannunsa kawai ta matsa. Muryar tata ce, ba shakka. Sunan kuwa a takardun ofis suka gan shi.

Ya gane ba ita ba ce. Amma shi ma ɗan Adam ne, sai ya tsaya ya bari aka kira na uku, ya rufe ido ya saurara har ƙarshe. Sannan, hawaye na bin gemunsa, ya ce:

“Salamu alaikum, masu gida. Yau uku. Ku tashi, 'yata na son wurin.”

A ƙasa ya ji an rufe littafi. Akawu ya ce an karɓa. Wata iska mai sanyi ta bi ɗaki-ɗaki, tagogi suka buɗe, tantabaru suka watse. Da ya sauko, teburin nan ma ƙura ta rufe shi.

A kan hanyar gida ya so ya maimaita kiran a ransa. Babu. Ya nemi dariyarta, ya nemi tarin, ya nemi yadda take ce masa Malam. Fuskarta na nan, maganganunta na nan, amma ba sauti, kamar an zare. Aljani in zai yi ƙaura ba ya bambance kayansa da na maƙwabci.

Yanzu kekuna ashirin ke ƙara a benen, na Laure na jikin taga. Baba Haladu ne ke gadin ƙofa. In ya ga tsohuwar da ta san Tasalla, yakan gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaya ko muryarta siririya ce ko mai kauri. Kowace da amsarta. Kowace kuma yana yi mata godiya.

To ku kula. Kada wanda ya shiga kangon gida shi kaɗai da rana tsaka. In kuma aka kira ku da muryar da kuke kewa, ku ciji harshe. Ku tashi ku kwanta.