Amsar da Kassim Ya Ɓoye a Gadarif

Ƙamshin gahawa ya cika tsakar gidan Sharu Mudi tun hantsi bai gama ɗagawa ba. Nagoggo, tsohuwar mahaifiyar Sharu, tana zaune tana soya ƙwayar gahawar a kasko, jikarta Ummusalama kuwa na durƙushe gaban murhu tana shafa kisra, siririyar wainar dawa ta ƙasar, hayaƙi na sa ta hawaye tana dariya. Ranar ce ta ƙarshe ga ɗaliban aikin gona da suka zo daga Zariya don su ga yadda ake noman dawa da riɗi da manyan injuna a Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma Sharu, wanda a gonarsa suka yi ta koyon aiki, ya rantse ba za su hau mota ba sai sun ci ragonsa.

Kowa na walwala ban da Kassim. Yana can gefen zaure ya haɗa kai da gwiwa. Abokinsa Cindo ya zungure shi.

"Kai, ango! Wannan wace irin fuska ce? Ka ga baffanninta sun iso daga Hawata da Showak, duk kai suka zo gani."

"Cindo, na shiga uku," in ji Kassim murya ƙasa-ƙasa. "Ƙarya na yi musu."

"Ƙarya kuma? Ba kai ka ce Hajiya ta yi okey ba?"

Kassim ya girgiza kai. Tun zuwansu Allah ya haɗa jininsa da Ummusalama, wadda ita ma ɗaliba ce, ita ke yi musu tafinta in Larabcin ma'aikatan gona ya fi ƙarfinsu. Da Sharu ya lura, sai ya kira shi ya ce ba ya son wasa da 'yarsa, ya tambayi iyayensa tukuna. Kassim ya kira mahaifiyarsa Hajiya Talatu a waya, ita ce kaɗai ta rage masa. Tana jin sunan Sudan ta fashe da kuka. Mahaifinta ya tafi aikin Hajji a ƙasa tana goye, aka ce an gan shi a Sudan, daga nan shiru har yau. "Ƙasar da ta cinye mini uba ba za ta cinye mini ɗa ba," abin da ta faɗa ke nan ta kashe wayar. Shi kuwa da Sharu ya tambaye shi, sai ya hango Ummusalama a bakin ƙofa tana wasa da gefen mayafinta, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Ta amince, Baba."

Cindo ya riƙe baki. "Wallahi ka yi mistek. Amma ka yi shiru kawai, anjima bas zai tashi. In mun koma gida ka daina ɗaga waya, shi ke nan."

Kafin Kassim ya ba shi amsa sai ga Ummusalama da tire, ta ajiye masa ƙaramin kofi a gabansa.

"Fadal, Malam Kassim. Na sa maka citta da yawa yadda kake so." Ta sunkuyar da kai, ta rage murya. "Na ɗinka wa Hajiya tob, irin mayafinmu na nan. Ka ce mata 'yarta ce ta ba ta. Kana ganin za ta so ruwan toka?"

Kassim bai taɓa gahawar ba. Ya tuna yadda gidan nan suka yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi a gona, Nagoggo ta hana kowa ba shi magani sai ita. Yanzu da ƙarya zai biya su?

Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo nama da kisra, ɗalibai suna ta ɗaukar hoto da ihu. Sharu ya gyara rawaninsa ya dubi ƙannensa da fara'a.

"Ga yaron da na gaya muku. Mahaifiyarsa ta yarda, bayan yankan riɗi za su aiko manya, in sha Allah."

"Ma sha Allah! Mabruk!" suka ce gaba ɗaya.

Kassim ya miƙe, ya je ya durƙusa gaban Sharu.

"Baba, ka yafe mini. Ba ta yarda ba. Ƙarya na yi maka, don ina tsoron ka hana ni ganinta."

Daga bayan labule aka ji tire ya faɗi, kofuna suka tarwatse. Sharu ya dube shi ya ce a hankali, "Ya waladi, ɗana, da ka ce mini ta ƙi, da na ce mu yi addu'a. Amma ka sa na tara 'yan'uwana na yi musu ƙarya da bakina. Tashi ka bi abokanka."

Hawaye suka zubo wa Kassim. Bai tashi ba, bai kuma kare kansa ba. Sai ga Nagoggo ta fito tana dogara sanda.

"Me ya sa ta ƙi? Ta san mu ne?"

Ya faɗa mata labarin kakansa da ya tafi bai dawo ba. Tsohuwar ta zauna a bakin tabarmar maza, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kira mini ita."

"Kaka, za ta yi faɗa..."

"Na ce kira ta!"

Ya kira, ya miƙa mata. Nagoggo ta riƙe wayar da hannu biyu.

"'Yata, ni tsohuwa ce ba ki san ni ba. A hanyar Makka aka haife ni. Iyayena guzuri ne ya ƙare musu a nan, suka tsaya noma da niyyar su ƙarasa su koma. Uwata ta bar ɗa a Haɗeja. Har ta koma ga Allah, kullum in ta idar da salla sai ta juya yamma ta kira sunansa. Ban san mahaifinki ba, wallahi ban san shi ba. Amma na san irinsu. Ba mantawa suka yi ba, hanya ce ta fi ƙarfinsu."

Kowa yana jin shesshekar Hajiya Talatu ta cikin wayar. Can ta ce, "Inna, ba wanda ya taɓa gaya mini haka." Ta numfasa. "Ban ce na yarda ba. A turo mini ɗana tukuna in gan shi."

"Yau zai taho. Mu ba ma riƙe ɗan kowa."

Direban bas ya fara danna hon a waje. Ummusalama ta fito idanunta jajir, ta miƙa wa Kassim ƙunshin mayafin ba tare da ta dube shi ba.

"Na Hajiya ne, ita ba ta yi mini laifi ba. Kai kuwa kada ka kira ni sai ranar da kake da gaskiyar da za ka faɗa."

Har suka bar Gadarif abokansa na waƙa da tafi, shi kansa na jingine da gilashi yana kallon gonakin dawa, kunya na cin sa.

Ya koma gida ya yi biyayya, bai sake tayar wa mahaifiyarsa da zancen ba, bai kuma kira Ummusalama ba, duk da yakan ɗauki waya ya ajiye sau da yawa. Ashe Hajiya ce ke kiran Nagoggo a ɓoye suna hira. Damina ta zagayo, wata safiya ta kira shi ɗakinta ta ce, "Je ka nemo mini fasfo. Ina so in ga yarinyar nan da idona, in kuma yi wa mahaifina addu'a a maƙabartar mutanenmu na can."

Da suka isa Gadarif, sai da Kassim ya sake durƙusawa gaban Sharu da ƙannensa duka, ya nemi gafara ɗaya bayan ɗaya, kafin aka karɓi gaisuwarsa. Aka ɗaura aure bayan girbi, da sharaɗin duk shekara zai kawo Ummusalama ta ga danginta.

Samari da 'yammata, ku ji: ƙarya ba ta gina soyayya, kunya kawai take tara wa mai ita. Wanda ya faɗi gaskiya ko da ta yi ɗaci, ya kuma yi haƙuri da iyayensa, Allah ba zai bar shi ya taɓe ba.