Kwamfutar Da Aka Tsamo A Kwara

Sati uku ke nan da Abdulhafiz ya haye ƙasar Benin sayen kaya, bai dawo Bagudo ba. Kwamfutarsa kaɗai wani mai kwalekwale ya tsamo daga Kwara. Inna ta rantse ba za ta amshi gaisuwar kowa ba sai ta san gaskiya.

Ƙanwarsa Hamdiyya ta zauna a shagonsa na gyara bayan magariba, ko za ta ga sunan wanda ya tafi wurinsa. Ta shanya kwamfutar kwana huɗu, ta kama wuta, amma allon ya ce babu hadis, wato rumbun da ke ajiye komai.

Sai ƙarnin laka ya cika shagon. Wani mutum na tsaye bayan ƙyaure, ba sallama.

"Kwance bayanta," in ji shi. "Wayar rumbun ta zame."

Muryar kamar mai magana da ruwa a baki. Ta kwance, ta mayar da wayar.

"Kara kunnenki. In yana juyawa za ki ji."

Ta kara. Ba juyawa ta ji ba, ƙarar filafili ta ji, da ihun mutane can ƙasa-ƙasa. Ruwa mai sanyi ya taɓo yatsun ƙafarta.

"Malam, wane ne kai?"

"Haba, 'Yar Baba." Mutum ɗaya ne a duniya ke kiranta haka. "Bar wahalad da kanki. Tafi ki ce ma Inna ta shimfiɗa tabarmi."