Bindiga Ɗaya Cikin Uku

Da ƙarfe tara na safiyar Litinin aka kira 'yan sanda daga unguwar Kirwan a Townsville, aka ce an fasa gareji an sace bindiga. Loretta Zanetti aka tura, jami'ar bincike mai shekara goma sha tara a aiki. Rabin ƙararrakin da ta taɓa riƙewa na sojoji ne da iyalansu.

Ta tarar da mai gidan, Saje Brett Mulhern, tsaye a bakin garejin cikin kaki. Ya nuna mata ƙofar baya da aka ɓalle, da kabad ɗin ƙarfen da doka ta ce mai lasisi ya kulle bindigarsa a ciki. Gefen murfin duk ya lotsa. Bindigogin farauta uku gare shi, nasa na kansa, ba na soja ba. Biyu suna nan, ɗaya ta tafi. Ya ce ranar Asabar da rana ya ja kwalekwalensa ya tafi kamun kifi, ya dawo Lahadi da yamma, bai leƙa garejin ba sai da safen nan.

Loretta ta durƙusa ta haska makullin kabad ɗin da tocila, ta ɗauki hoto. Sannan ta duba wani ƙaramin akwati a kan kanta, inda yake ajiye harsasai da sakatun bindigogin, wato ƙarfen da in an zare shi bindiga ta zama sanda. An ɗauki sakata ɗaya da kwalin harsashi ɗaya.

"Kwaɗon wannan lafiya lau yake," in ji ta.

"Wataƙila na manta ban kulle ba."

"Soja ya manta?"

"Soja ma mutum ne."

"Wacce aka ɗauka?"

"Tsohuwar. Ta babana."

Ɓarawon da ya bar sababbi biyu ya ɗauki tsohuwa, kuma ya san sakatar da ta dace da ita, ba baƙo ba ne a gidan. Ta nemi sunayen duk waɗanda suka shiga garejin a watan. Ya ba ta biyu: mai feshin gara, da matarsa shi Sajen.

Mai feshin, Warren Dimmock, yana kan tsani a wani gida lokacin da ta same shi. Ya yi dariya ya ce shi ko ƙadangare ba ya iya kashewa sai da magani. Tun Juma'a yana Cairns wurin bikin 'yarsa, ya nuna mata hotuna har ta ce ya isa. Ta kira otal ɗin, suka tabbatar.

Matar Sajen, Bronwyn, ma'aikaciyar jinya ce. Ba ta ɓoye cewa ta tsani bindigogin ba. Ta ce da ita ta ɗauka, duka ukun za ta zuba a teku. Ƙarshen makon tana Ayr wurin mahaifiyarta, ita tsohuwar da kuma maƙwabta biyu sun shaida. Loretta har ta tashi, sai ta tambaye ta wa kuma ya san inda makullan suke.

"Heath mana. Brett bai faɗa miki ba? Tare suka ɗaura kabad ɗin a bango."

Kofur Heath Pascoe aminin Sajen ne, tare suka je yaƙi sau biyu. Gidansa tituna huɗu ne daga nan. Matarsa Tegan ta buɗe ƙofa da waya a hannu, idanunta sun kumbura. Ta ce tun safiyar Asabar ya fita da akori-kurarsa, wai zai je daji ya sha iska, ya dawo Lahadi. Bai dawo ba, wayarsa a kashe. Yau da ƙarfe shida da rabi ta kira Brett, ya ce rabonsa da ganinsa tun makon jiya. Daga nan ta kira bariki.

Ta dafa wa Loretta shayi, ta ba ta sauran labarin. Wata huɗu da suka wuce aka yi wa rundunarsu gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa, takarda mai tambayoyi sannan zama da likita. Kowa ya san amsoshin da ake bayarwa a wuce: ina barci, ba na shan giya da yawa, ba ni da wani tunani. Heath ya faɗi gaskiya. Ya ce ba ya barci, ya ce wani lokaci yana jin da babu shi da iyalinsa sun huta. Aka hana shi riƙe makami a wurin aiki, aka mai da shi ɗakin ajiyar kaya. Likita ya sanar da masu ba da lasisi, aka dakatar da nasa, 'yan sanda biyu suka zo suka tafi da bindigoginsa a gaban maƙwabta.

"Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba," in ji Tegan. "Shi kuwa ya ce gwamnati ta amince masa da bindigar da ke rushe gida, yanzu ba ta amince masa da ta harbin alade ba. Ya ce shi kaɗai ya faɗi gaskiya, shi kaɗai aka hukunta."

Loretta ta tambaye ta yaya ya fita ranar Asabar. Ta ce cikin fara'a. Ya soya musu ƙwai, ya yi wa 'yarsu kitson da bai iya ba, har suna dariya. Ta ɗauka sauƙi ne ya zo.

Loretta ta taɓa jin labarin irin wannan fara'ar daga bakin wasu matan da mazajensu ba su dawo ba. Daga cikin mota ta ba da lambar akori-kurar a baza ko'ina.

Talata da la'asar wani mai gonar shanu a hanyar Charters Towers ya ga motar a ƙarƙashin bishiya kusa da busasshen rafi. Gawar Heath tana can gefe. Bindigar mahaifin Mulhern ce a wurin. Babu alamar wani ya je tare da shi, kuma ya bar wa Tegan takarda mai layi huɗu a kan kujerar mota, kusa da jakar bindigar da aka naɗe tsaf.

Shugaban Loretta ya ce magana ta ƙare: mutumin da aka hana makami ya fasa gidan abokinsa ya ɗauka, a rufe fayil. Kafin Laraba zancen ya zagaya bariki. Da Loretta ta koma wurin Tegan, ba mutuwar kaɗai take yi wa kuka ba. Ta ce mijinta bai taɓa ɗaukar ko cokalin wani ba, amma ga abin da za a gaya wa 'yarsa in ta girma, cewa aikinsa na ƙarshe a duniya sata ce, a gidan mutumin da ya tsaya masa ranar aurensu.

Loretta ta roƙi kwana biyu. Ta kai hotunan makullin wurin wani tsohon maƙerin makullai a cikin gari. Ta karɓi rahoton likitan gawa. Sannan ta sake bin gidajen layin Mulhern, don ranar Litinin akwai gida ɗaya da ba a samu kowa ba. Na Doreen Kettle ne, tsohuwar da katangarta ke jingine da garejin. Ranar tana asibiti wurin wankin ƙoda. Ta ce Asabar da Lahadi ba ta ji komai ba, amma Litinin da safe, tana jiran motar asibiti da ke zuwa bakwai da kwata, ta ji ana dukan ƙarfe a garejin. Har ta yi niyyar leƙawa ta ce wa Brett mutane suna da kunne.

Ranar Alhamis da hantsi Loretta ta kira Sajen ofis. Ya zo da kaki a goge. Ta gaya masa yana da damar yin shiru ko kiran lauya, ya ce ba ya bukata. Ta kunna rikoda.

"Yaushe rabonka da ganin Heath?"

"Makon jiya."

"Jakar bindigar, me ya sa ba ka sa ta cikin kayan da aka sace ba?"

"Ban lura ba."

"A ina take zama?"

"Cikin ɗakin kwana. Saman kabad ɗin kaya."

"An fasa cikin gidan?"

Ya kau da kai gefe.

Ta jera hotunan a gabansa, ta yi masa bayani a hankali. Kabad ɗin da aka ɓamɓare yana kulle, harsunan makullinsa sukan lanƙwashe ko su karye. Nasa ko ƙwarzane babu, suna ciki a janye. An buɗe da makulli, daga baya aka daki murfin. Ƙaramin akwatin ma da makulli aka buɗe shi. Jakar daga ɗakin kwana ta fito, ɓarawo kuwa ba ya shiga ɗaki neman jaka, mai ba da aro ne yake ɗauko ta.

"Likita ya ce Heath ya rasu ranar Asabar kafin la'asar. Doreen ta ji dukan ƙarfe ranar Litinin wajen ƙarfe bakwai. Tegan ta kira ka shida da rabi. Matacce ba ya fasa gareji, Brett."

Ya daɗe yana kallon hotunan. Sannan ya buɗe baki.

Ya ce Heath ya zo ranar Asabar da safe yana ɗaura kwalekwale a mota. Yana dariya, yana tsokanarsa cewa kifin da zai kamo ko kyanwa ba za ta ƙoshi ba. Rabon da ya gan shi haka tun kafin tafiyarsu ta biyu. Heath ya ce wani manomi ya roƙe shi ya rage masa aladun daji da ke ɓata gona, yana son Brett ya ara masa bindiga kwana ɗaya. Brett ya ce a'a, lasisinsa a dakace yake.

"Sai ya kalle ni ya ce, 'Aboki, har da kai? Kai ma mahaukaci ka ɗauke ni?' Mutumin da ya ɗauko ni a kafaɗa a fagen yaƙi jini yana zuba. Wata huɗu kowa yana magana da shi kamar ƙwai. Na ce ni dai zan ɗauke shi namiji. Na ba shi ta babana don ita yake so. Ni na sa masa ita a jaka."

"Ka san abin da ya gaya wa likita?"

"Na sani. Na ce masa wauta ya yi." Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Abin da ya rubuta a takardar nan, ni ma shi ne amsata. Ni dai na iya cikawa."

Loretta ta tambaye shi safiyar Litinin. Ya ce da Tegan ta ce bai dawo ba, nan take ya sani. Ya tsaya a kicin ya ga komai ya tafi: lasisi, igiyoyin kafaɗarsa, shekara ashirin da biyu na aiki, da fuskar Tegan. Ya ɗauki dogon ƙarfe ya shiga gareji. Bai yi tunanin za a ɗora wa Heath ba, ya ɗauka za a ce ɓarayin gari ne. Da aka fara cewa Heath ne, ya ga in ya yi shiru shi ke nan, sai ya yi shiru. Jiya ma ya je gidan, Tegan ta kama hannunsa tana ba shi haƙurin garejin.

A nan ne ya fashe da kuka. Loretta ta bar rikodar tana tafiya.

An tuhume shi da ba wa marar lasisi makami da kai ƙarar ƙarya. Aka karɓe bindigogi biyun da suka rage, aka ba da belinsa. Kafin ya fita Loretta ta kira Bronwyn ta zo ta ɗauke shi, ta kuma kira likitan bariki da kanta, ta gaya masa akwai takardar gwajin da ya kamata Brett ya sake cikawa yau, ba gobe ba.

Da la'asar ta tafi gidan Tegan. Ta same ta a teburin kicin tare da takardun jana'iza, mahaifiyarta ta fita da yarinyar. Loretta ta zauna ta gaya mata komai, ba ta rage ba.

"Ke nan bai fasa ba."

"Bai fasa ba. Roƙa ya yi, aka ba shi."

Tegan ta rufe bakinta da hannu. Ta ce ranar da aka tafi da bindigogin Heath, ita da kanta ta je wurin Brett ta ce ya taya ta tsare shi, don ya fi jin maganarsa. Brett ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ta jawo wata takarda daga cikin tarin. Sunayen mutum shida ne da za su ɗauki akwatin gawa ranar Litinin, limamin cocin bariki yana jira a tabbatar masa. Sunan Brett ne na farko. Ta ɗauki biro ta riƙe a kansa. Loretta ta ce in tana so, ita za ta kira limamin a sa wani.

Tegan ta ajiye biron.

"A'a. Bar shi ya ɗauka," in ji ta. "A sa shi ta wajen kai, can ya fi nauyi."