Randar Majinyaci

A wani gari can, an yi wata yarinya mai kiwon aksolotil guda uku a randa ɗaya, wasu 'yan halittun ruwa masu kama da tsaka. Wata rana ɗaya ya daina cin abinci, wani farin abu kamar auduga ya fito masa a wuya.

Kakarta ta ce, "Ware shi, 'yar nan. Randarsa daban, ruwansa daban, komai nasa daban."

Yarinya ta wanke sabuwar randa, ta sa shi ciki, ta ajiye a inuwa. Kullum da safe sai ta ɗauki moɗa ta sauya ruwan majinyaci, sannan ta sauya na masu lafiya.

Bayan kwana uku, na biyu ya kamu. Yarinya ta zargi yayarta, ta zargi mai kawo ruwa, ta zargi maƙwabciya da kambun baka. Duk wanda ya gifta sai ta bi shi da harara.

Ta ce, "Kaka, wani ne ke yi mini mugunta, kuma sai na kama shi."

Kaka ta ce, "Randa nawa gare ki?"

"Biyu."

"Moɗa fa?"

Yarinya ta dubi moɗa ɗaya tilo da ke hannunta, tana ɗigar ruwa. Ta ajiye ta a hankali, ta nufi ɗakin yayarta kai a sunkuye.