Kawun Talatu Ya Zo

A wani zamani can, wasu ɗalibai mata suna haya a gida ɗaya, cikinsu har da wata Talatu. Kowacce idan za ta fita, ƙarƙashin buta take ɓoye makullinta.

Ran nan wani dattijo ya yi sallama, ya tarar da ƙaramarsu tana wanki. Ya ce, "Ni kawun Talatu ne. Ina take ajiye makulli?"

Yarinyar ta san wurin, kuma tana kunyar yi wa babba musu. Amma ta yi mamaki: wane irin kawu ne zai tambayi makulli kafin ya tambayi lafiyar 'yarsa?

Sai ta shimfiɗa masa tabarma, ta ɗaga murya, "Ku fito ku gai da Kawu!"

Wannan ta fito ta gai da Kawu, waccan ta fito ta gai da Kawu. Aka kira mai gidan, shi ma ya zo gai da Kawu.

Kawu ya ce zai zaga bayi. Shiru, shiru, bai dawo ba.

Da Talatu ta dawo, ta dubi takalman da ya bari, ta ce, "Ai Innata ba ta da ɗan'uwa namiji."